Kwantirola ta biyu ta ƙone mini a kan injin iska, me ke cin su?

Mai Caji, Rimi

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa masu sanin harkar wuta, ku taimaka mini da shawara. Kwantirola biyu, wato akwatin da ke daidaita wutar da ke shiga batir, ke nan suka ƙone a kan injina na iska cikin wata biyar, kuma na ƙudura ba zan sayi ta uku ba sai na gano abin da ke cin su.

Ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Rimi ta jihar Katsina, ba mu da nisa da Lambar Rimi inda manyan injinan iskar nan 37 na gwamnati suke. Ganinsu duk lokacin da za ni birni shi ya sa mini tunanin cewa iskar da ke yaye mana rufin rumfa kowace shekara za ta iya caja batir. Ina da shagon cajin waya a ƙofar gida, da ƙaramin firji na ruwan leda da zoɓo, kuma daga shagon na ja wuta zuwa cikin gida, ƙwan fitila 6 da fankar ɗaki 2. Shekara uku ina kan sola kaɗai: faranti biyu masu wat 300 kowanne, batirin tubula biyu masu 220Ah da aka jera suka ba da bolt 24, sai inbata. Hunturu ne ke ba ni wahala. In hazo ya sauka kwana uku a jere batir ba ya cika, ƙarfe 9 na dare inbata ta fara kuka, ga wayoyin mutane cike da tebur.

Shi ya sa a Oktoban bara na ƙara ƙaramin inji mai fukafukai uku, an rubuta wat 600 da bolt 24 a jikinsa. Yana kan bututun ƙarfe mai tsawon mita 9 a bayan shago, an ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe huɗu. Kwantirolar irin mai haɗa iska da sola a akwati ɗaya ce. Wayoyi uku na injin suna shiga, biyu na sola, biyu suna fita zuwa batir, biyu kuma zuwa hitar da aka ce ita ke shanye rarar wuta in batir ya cika.

Ta farko ta ƙone a Janairu, wajen ƙarfe 11 na safe. Ranar iskar hunturu na kaɗawa sosai amma gari ya ɗan washe, akwai rana. Ina cikin shago sai na ji ƙarar injin ta sauya, daga ɗan shuuu ɗin da na saba ji ta koma kamar babur da aka matsa wa totur. Ban kai ga fita ba na ji tas a cikin akwatin, wari ya cika shago. Na tarar birekar da ke tsakanin kwantirola da batir ta faɗi. Mai haɗa mini wutar ya zo ya duba, ya ce kwantirolar jabu ce, in sayo mai kyau. Na je Kano na sayo wata da ta fi ta tsada da nauyi.

Ta biyu ta yi aiki har Mayu. Ranar hadarin farko, da la'asar, rana na nan a yamma ba ta faɗi ba, iskar gabas ta taso kafin ruwa. Abin da ya faru a Janairu shi ya sake faruwa, ƙara, tas, wari, bireka a ƙasa. Yanzu allon kwantirolar ba ya kawo haske ko kaɗan. Injin kuwa ko iska na tumbuke bishiya da kyar yake juyawa, yana wani gurnani, bututun yana rawa har ƙasa.

Akwai abubuwa biyu da na lura da su tun kafin ƙonewar, ban sani ba ko suna da alaƙa. Jar fitilar kwantirola mai nuna ta taka wa injin birki takan kama alhali batir bai cika ba, don inbata tana nuna 27 da 'yan kai. Sannan tun wajen Disamba batiran suke shan ruwa fiye da da. A baya sai in yi wata uku ban ƙara ba, yanzu duk wata.

Tambayata, injin ne ya lalace yake kashe su, ko kwantirolocin kasuwa ne ba su da ƙarko? Ina da mita, na iya auna bolt da om. Duk abin da kuka ce in auna zan auna in kawo muku lambobin. Sana'ar nan ita ce cin gidana, ga damina ta kama.

Baba Mai Rediyo, Kano

Wa'alaikumussalam. Ɗana, ka yi daidai da ka tsaya. Ruwa ba ya tsami banza. Kwantirola biyu daga shago daban-daban su mutu mutuwa iri ɗaya, ga bireka a ƙasa duka sau biyun, to ba a cikin akwatin ciwon yake ba. Na fi shekara talatin ina buɗe kayan wuta, kuma irin waɗannan akwatunan sun sha zuwa teburina.

Ka fara riƙe wannan. Farantin sola in ka cire masa waya, zama yake ya yi shiru, ba abin da zai same shi. Injin iska ba haka yake ba. Batir da hita su ne kayan da yake ja, su ke hana shi wuce gona da iri. In aka kwance masa su ana tsakiyar iska, gudu yake ƙarawa, kuma ƙarfin wutarsa yana hawa tare da gudun. Injin bolt 24 da aka saki ba kaya zai iya kai ninki uku ko huɗu na hakan. Ƙarar babur ɗin da ka ji ita ce wannan.

Yanzu mu raba gardama tsakanin injin da akwatin. Ka zaɓi lokacin da iska ta kwanta, bayan asuba ya fi. Cire wayoyin injin uku daga kwantirola, ka raba su kada su taɓa juna. In 'yar iska ta zo ka ga ya juya sakayau ba gurnani, to abin da ke riƙe shi yana cikin akwatin. In har yanzu yana nauyi, to wayoyin sun haɗe a wani wuri, ko a cikin bututu inda suka murɗe suka goge, ko a zoben tagullar da ke wuyan injin inda yake juyawa ya bi iska.

In za ka samu mutane ku kwantar da bututun, hannunka ma ya isa awo. Wayoyi a rabe, fukafukan za su juya ba nauyi. Haɗa biyu kaɗai, za ka ji yana cijewa yana saki, yana cijewa yana saki. Ka gwada haka ga kowane biyu cikin ukun, dole cijewar ta zama iri ɗaya. Haɗa ukun gaba ɗaya, zai yi nauyi sumul kamar kana juya muciya a tukunyar tuwo. In wasu biyun ba su cije ba, wayar ɗaya ta tsinke. Daga nan ka sa mita a om mafi ƙanƙanta ka auna tsakanin kowane biyu. Lambobin za su zo ƙanana, kuma abin dubawa shi ne su yi kusa da juna. Ka kuma auna tsakanin kowace waya da gangar jikin injin, nan bai kamata mita ta nuna komai ba. Da ka gama, ka murɗe wayoyin ukun wuri ɗaya ka naɗe su da tef. Wannan shi ne birkinsa, kada ka bar su a sake ko na yini ɗaya.

Akwatin kuwa, cire shi daga batir da sola tukun ka buɗe. Injin yana ba da AC ne ta wayoyi uku, to a bakin shiga akwai dayod shida da ke mayar da ita DC, wani lokaci a dunƙule cikin baƙin bulo ɗaya mai ƙafa biyar. Sa mita a alamar dayod. Lafiyayye zai nuna wajen 0.4 zuwa 0.6 ta fuska ɗaya, in ka juya wayoyin mita ya ƙi nuna komai. Wanda ya nuna sifili ta fuska biyu ya haɗe, kuma shi ke sa gurnanin nan da rawar bututu, don injin yana juyawa ne da rabin birki. Sai mosfet, masu ƙafa uku da ke manne a jikin alminiyam. Su ma in za su mutu yawanci haɗewa suke yi. Duba manyan kafasita, in kansu ya kumbura ko ya fashe, ka karanto mini bolt ɗin da aka rubuta a jikinsu. Ka leƙa kuma ko zanzaro ya yi gini a ciki ko tsaka ta mutu a kan allo, ina yawan ganin wannan a akwatunan ƙauye.

Abu uku nake so ka faɗa mini, don zargina yana wurinsu. Lamba nawa ce a jikin birekar? Hitar nan, wadda ta zo da kwantirola ce ko wata aka sa? Kuma wayar da ta tashi daga kwantirola zuwa batir, kaurinta nawa, tsawonta nawa?

Ɗan Funtuwa

Malam, ni dai tsawa nake zargi. Ƙarfe mai mita 9 a fili ai gayyato ta yake yi. Ba sai ta faɗo a kansa ba, ko a nesa ta sauka wutar takan biyo waya ta kashe allo. Haka ta yi wa maƙwabcina da inbata bara. Ka kafa sandar tagulla a gindin bututun ka haɗa su da waya mai kauri, ka riƙa zuba wa wurin ruwa da rani.

Mai Caji, Rimi

Ɗan Funtuwa, na gode. Sandar ƙasa ba ni da ita kuma zan kafa. Sai dai ta farkon a Janairu ta ƙone, ba hadari ba tsawa, shi ya sa hankalina bai kwanta a kan nan ba.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Yau bayan sallar asuba na tara ƙannena biyu da wani maƙwabci muka kwantar da bututun. Da na cire wayoyin daga akwatin, fukafukan suka juya da yatsa ɗaya. Na haɗa biyu-biyu, duk sun cije iri ɗaya. Mita ta ba ni 0.9, 0.9 da 1.0. Tsakanin waya da gangar jiki ba komai. Na buɗe wuyan, zoben tagullar ya yi baƙi da ƙura amma gawayin da ke gugar zoben bai cinye ba, na goge shi da tsumma. Wallahi sai da na ji sanyi a raina, don injin shi ne mai tsadar.

A cikin akwatin, bulon dayod ɗin ƙafa biyu suna nuna sifili ta kowace fuska. Mosfet biyu cikin huɗu sun haɗe, ɗaya har ya tsage. Kafasita biyu manya, an rubuta 63V, ɗaya ta fashe ta watsa wani abu kamar auduga. Ba zanzaro, ba tsaka. Na ɗauko tsohuwar kwantirolar da na ajiye a ƙarƙashin tebur na buɗe ta ita ma, ɓarnar kusan iri ɗaya ce, sai dai kafasitocinta 50V ne.

Ga amsar tambayoyinka. Birekar an rubuta C20 a jikinta, wato mai amfiya 20, irin wadda ake sa wa allon wutar gida ce. Tun lokacin da nake sola kaɗai take wurin, shekara uku ba ta taɓa faɗuwa ba, da aka kawo injin sai aka bar ta. Wayar batir mai kaurin 2.5mm² ce, tsawonta mita 4, don batiran suna ɗakin baya saboda zafi. Na kuma ga kan batir ɗaya ya yi farin gari, notin ya ɗan saki.

Hitar kuwa akwai labari. Kwantirolar farko ta zo da tata, wani koren bututu mai kama da tangaran a cikin ragar ƙarfe. A Disamba ana gyaran kanta ta faɗo ta tsage gida biyu. Mai haɗa mini wutar ya ce ba sai an je Kano ba, ya ciro hitar butar shayi mai wat 1500 ya ɗaura, ya ce tunda injin 600 ne wannan ta ninka shi fiye da sau biyu. Da na sayo kwantirola ta biyu, mai shagon ya ce hitarta daban ake saye, na ce ina da ita. Na auna ta yanzu, tana ba da om 32. Ban taɓa jin ta yi zafi ba ko sau ɗaya, na ɗauka alamar ta fi ƙarfin aikin ke nan.

Injiniya a Jos

Sannu Malam Mai Caji. Lambobin da ka kawo sun gama bayani, kuma Baba ya nuna wurin tun farko. Mu nan kan tudu muna da iska, na haɗa irin waɗannan injinan da dama, bari in ɗora a kan nasa.

Hitar butar shayi wat 1500 ce a kan bolt 220 kawai. Abin da ba ya sauyawa a jikinta shi ne om 32 ɗin da ka auna. Kwantirolarka tana zuba mata wuta ne a wajen bolt 29. Raba 29 da 32, abin da zai bi ta bai kai amfiya 1 ba, wato wat 26. Injin da ke iya ba da 600 aka ba shi magudanar 26. Shi ya sa ba ta taɓa zafi ba. Tun Disamba injinka ba shi da hita, sai sunanta. Kuma nan ne amsar shan ruwan batiranka, rarar da ya kamata hita ta shanye su suke shanye ta, suna tafasa.

Me ya sa ba ta ƙone tun Disamban ba? Saboda ƙarfin iska ba ya hawa daidai da gudunta. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta ya ninka sau takwas. Wat 600 da aka rubuta a jikin irin waɗannan injinan, yawanci a iska mai gudun mita 12 ko fiye a daƙiƙa ake samunsa. A rabin wannan gudun, wajen wat 75 kawai za ka gani. Yawancin kwanaki injin yana ba da kaɗan, batir ya haɗiye, komai ya tafi lafiya. Sai ranar babbar iska asiri ke tonuwa.

Yanzu birekar. Farantanka biyu a rana mai kyau suna ba da wajen amfiya 16, C20 tana ɗauka, shi ya sa ta yi shekara uku shiru. Injin a cikakken ƙarfinsa yana ƙara wajen amfiya 21. Ka duba lokutan biyu da ka faɗa, ƙarfe 11 na safe da rana a sama, da la'asar kafin hadari ya rufe rana. Duka biyun iska da rana sun haɗu, fiye da amfiya 30 ta bi ta birekar 20. Irin wannan bireka ba ta faɗuwa nan take, zafi ke taruwa a cikinta na wasu mintuna, kuma a shago mai rufin kwano tana saurin kaiwa. Da ta faɗi, batir ya fita daga layi, hita ba ta jan komai, wutar ta haura 63, kafasita ta fashe, mosfet da dayod suka bi ta. Ko wace irin kwantirola ka sa a wannan haɗin, haka za ta ƙare.

Jar fitilar da ke kamawa da wuri kuma wayar ce. Mai 2.5 tsawon mita 4, zuwa da dawowa mita 8 ke nan. In amfiya 30 na bin ta, wajen bolt 1.7 yana ɓacewa a hanya, ga noti mai saki ya ƙara nasa. Batir yana 27 da 'yan kai, kwantirola tana ganin 29, sai ta ɗauka ya cika ta taka birki. In wayar irin ta alminiyam ce da aka shafa wa tagulla, asarar ta fi haka. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka san ita ce.

Abin da zan yi in ni ne. Hita ta zama wajen om 1, don a bolt 29 za ta ja amfiya 29, kimanin wat 840, ta fi ƙarfin injin da rata mai kyau. In ba ka samu irin koren bututun ba, nemi hitar ruwa ta DC mai bolt 24 wat 300 guda biyu ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato kowacce tana shan wuta kai tsaye daga wayoyi biyun, za su ba ka kusan om 1. Amma su dole su kasance cikin ruwa kullum, in suka bushe sun ƙone, ka koma gidan jiya. Ka tabbata kuma bakin hita na kwantirolar an rubuta zai ɗauki amfiya 30. Kada ka sa ƙwan fitilar mota a madadinta, ƙwai yana mutuwa ba sallama. Hitar tana zafi sosai, ka kafe ta a bangon siminti nesa da katako da leda.

Wayar batir ta koma mai 16, ko aƙalla 10, kuma ka matso da kwantirola kusa da batir. Kada ka cire kariya gaba ɗaya, don batirin tubula in waya ta haɗe zai iya tayar da gobara. Sa fiyus ko birekar DC mai amfiya 63 dab da kan batir, wadda aikin yau da kullum ba zai taɓa kayar da ita ba. Sannan ka sa makunnin birki a kan wayoyin injin uku kafin su shiga akwatin, mai haɗe su wuri ɗaya. Da ka ga hadari ya haɗo a gabas, taka shi tun iska ba ta iso ba. In ka bari sai injin yana tsakiyar gudu, wani lokaci birkin ba ya iya tsayar da shi, sai nadin wayar cikinsa ya ɗauki zafin. Wajen haɗawa batir ne farko, injin ne ƙarshe. Wajen cirewa a fara da birki.

Ra'ayina, wanda ba kowa zai yarda ba, ban son akwati ɗaya mai haɗa iska da sola. Na fi son sola da kwantirolarta daban, injin kuma ya bi ta bulon dayod kai tsaye zuwa batir, sai a sa kwantirola mai karkatar da rara, irin TriStar ta Morningstar, tana gadin batir tana zuba wa hita. A haka ko kwantirolar ta mutu injin yana nan riƙe da batir. Kuɗinsa ya fi yawa, na sani.

Hajiya daga Tawa

Salamu alaikum. Ni a Nijar nake, muna da ƙaramin inji irin naka a garka, mu regilater muke ce wa akwatin. Ina so in ƙara abu guda saboda masu karatu da ke shirin komawa batirin lityam, don mu ta nan ta same mu, ba mu da bireka ƙarama kuma hitarmu daidai take.

Batirin lityam yana da allon kariya a cikinsa. Namu gida 8 ne, kowane gida iyakarsa 3.65, jimla 29.2. In gida ɗaya ya riga 'yan'uwansa cika, allon yana yanke caji gaba ɗaya ko da jimlar ba ta kai 29 ba. Regilater ɗinmu kuwa sai a 29 da rabi take fara zuba wa hita. Ka ga batir ya rufe ƙofarsa kafin ita ta buɗe tata, daidai da faɗuwar birekarka. Ɗana ne ya gano, bayan mun yi asarar guda. Muka sayi wadda ake iya saita ta, ya sa ta fara zubarwa a 27.6. Batir ba ya cika maƙil, amma shekara biyu ke nan ba ta sake ƙonewa ba. Duk mai sayen regilater saboda lityam ya tambaya ko ana saita ta, in ba a yi, ya bar ta a shagon.

Baba Mai Rediyo, Kano

Injiniya ya faɗi gaskiya, Hajiya ma haka. Inda zan ɗan saɓa shi ne batun sayen sabon tsari yanzu. Ɗana, kada ka jefar da akwatin na biyu. Bulon dayod, mosfet da kafasita duk ana samunsu a Sabon Gari. Mai gyara ya canza mosfet ɗin huɗu duka, ba biyun da suka mutu kaɗai ba, da ƙananan rezistan da ke ƙafarsu, ya sa kafasita masu 100V. In ƙwaƙwalwar allon ba ta taɓu ba zai tashi. Kafin ka mayar da shi kan injin, a gwada shi a tebur a ga hita tana ɗaukar zafi in wuta ta kai 29.

Mai Caji, Rimi

'Yan'uwa, na dawo da labari bayan sati uku. Na kai akwatin na biyu Kano, an canza abubuwan da Baba ya lissafa, allon ya kawo. A gabana mai gyaran ya ɗaga wutar a hankali, tana kai 29 hitar ta fara ɗumi, ta wuce kaɗan ta yi zafin da ba a taɓawa. Koren bututun na samu guda biyu masu om 2 kowanne, aka haɗa su suka ba da 1. Na zaɓe su a kan hitar ruwa saboda ba kullum nake shago ba, ba zan dogara da yara su riƙa cika durom ba.

Na mayar da kwantirolar ɗakin batir, wayar yanzu mai 16 ce kuma ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. Tsohuwar da na kankare, fara ce a ciki, Injiniya. Na sa birekar DC mai 63, na wanke kawunan batir da ruwan zafi da bakin soda na ɗaure su tam, na kafa sandar tagulla kamar yadda Ɗan Funtuwa ya ce. Makunnin birki yana bakin ƙofar shago inda hannun kowa zai kai, na koya wa uwargida da babban yarona, da sun ga gabas ta yi baƙi su ja shi ƙasa.

Hadari biyu sun wuce tun lokacin. Na farko mun taka birki da wuri, injin yana ta juyawa a hankali har ruwa ya ɗauke. Na biyu da dare ya zo muna barci, ba wanda ya taka. Na farka na ruga da tocila, na tarar hitar ta yi zafi har iskar ɗakin ta ɗumama, mita a kan batir tana nuna 28.9, a bakin kwantirola 29.1, ƙarar injin kuma ba ta sauya ba. Na tsaya a wurin har iskar ta lafa.

Mai haɗa mini wutar na kira shi na nuna masa lissafin om ɗin a takarda. Ya karɓa, ya ce akwai wani gida a ƙauyen gaba da ya yi wa irin wannan haɗin, gobe zai je ya cire.

Abin da ya rage batiran ne. Na ari ma'aunin ruwan batir na auna gida-gida bayan sun cika. Na farkon duk gidajensa shida suna wajen 1.24. Na biyun biyar suna nan daidai, amma gida ɗaya, na kusa da kan da ya yi farin garin, yana 1.17 kuma ruwansa ya ɗan yi duhu. Baba, Injiniya, wannan gidan zai farfaɗo in na yi masa doguwar caja, ko in fara tara kuɗin wani kafin hunturu?